Efeti Ta Zauna a Kan Hannuwanta

Efeti ba ta iya ganin mutum yana fama da abu a hannunsa ta ƙyale shi. Ko murfin kwalba ne, in ka murɗa sau ɗaya bai buɗe ba, kafin ka gyara riƙo ta fizge ta ce, "Kawo nan." A wurin aikinta da ke unguwar Molyko a garin Buea har sun laƙaba mata Madam Kawo-nan, kuma tana amsawa. Ba raini ba ne, zuciyarta ce ba ta jure ganin wani yana shan wahala. Sai dai wanda aka fizge wa abu a hannu ba ya tsayawa tambayar dalili, haushinsa kawai yake haɗiyewa.

Wanda ya fi kowa haɗiyar wannan haushi shi ne mahaifinta, Mola Mokake. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa rabin garin Buea tuƙin mota, a kan hanyar da in ka saki birki da ganganci sai dai a je a tsinto ka a tasha can ƙasa, yau shi ne 'yarsa ba ta yarda ya canza tashar talabijin da kansa. Tun da mahaifiyarta ta rasu suka rage su biyu a gidan, Efeti ta mai da shi ƙwai. Ita ke ɓare masa maganin hawan jini, ita ke danna masa lamba ta kara masa waya a kunne, ko igiyar takalmi ya sunkuya zai ɗaura sai ta riga shi. Shi kuwa Iya yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Yakan ce da ya san halin ma zai biyo sunan, da ya zaɓi na wata gwaggonsa mai sanyi.

Sana'ar Efeti rubuta manhaja ce. Ba irin wadda kowa ya sani mai hotuna da wuraren dannawa ba. Tata ta masu sana'ar ce su kansu, ba ta da fuska, sai a baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da hannu. Aikin manhajar shi ne ta ɗauki abin da mutum ya rubuta duk girmansa ta naɗe shi ƙanƙane, ta tura shi ko da intanet na numfashi sama-sama. In ya yanke ta jira, in ya dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Saboda naɗin nan Efeti ta sa mata suna kwakoko, gurzajjiyar gwazar nan da ake naɗewa a ganye, wadda ba a taɓa samun wanda ya kai mahaifiyarta iya ta ba.

Labarin kwakoko ya kai kunnen wani kamfani a Kigali, suka aiko mata tayin aiki na shekaru. Ta karanta, daɗi ya kama ta har ta shiga banɗakin ofis ta taka rawa, sannan ta fito ta rufe saƙon ta yi gum. Suka sake aikowa cewa suna jiran amsa kafin wata ya mutu. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce kwakoko ba ta gama nuna ba, ba za ta tafi ta bar wa mutane ɗanyen aiki ba.

Ndive, shugaban ofishin, bai yarda da wannan zance ba, kuma da ma cikinsa ba ya riƙe magana. Ranar Lahadi ana fitowa daga coci ya ja Mola Mokake gefe ya fesa masa komai.

Da yamma suna cin abinci, tsohon ya bari sai da ta gama zare masa ƙayar kifi ta turo masa kwano, sannan ya ce, "Iya, yaushe ne tafiyar?"

"Wace tafiya?"

"Kar ki mai da ni yaro. Ndive ya gaya min."

"Ndive da baki kamar rariya! Papa, aikin nan bai ƙare ba, akwai sauran..."

"Aikin ne bai ƙare ba, ko ni ne kike gani na ƙare?"

Maganar ta soke ta. Ta daɗe tana murza ganyen kwakoko a yatsunta kafin ta faɗi abin da ke cin ta. "In na tafi wa zai duba ka? Shekaranjiya fa ka kashe ƙarar wayarka da hannunka, ka yini kana cewa duniya ta manta da kai."

"Wa ya bar ni na gano da kaina? Kafin na buɗe baki kin ce kawo nan." Ya suɗe yatsa. "Na ji an ce kuna da wata al'ada a wurin aikinku. Ta zama a kan hannu."

Al'adar kuwa daga motarsa ta fito. A ranar ƙarshe ta koyo, Mola Mokake yakan kai ɗalibi tsakiyar hawa ya sa shi ya tsaya, sannan ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya ɗinke baki. Mota ta mutu, ta zame baya, ɗalibi ya jiƙe da gumi, shi dai gaba yake kallo. Ndive ya sha wannan zama a hannunsa yana saurayi, da ya buɗe ofis sai ya shigo da shi cikin sana'a. Duk wanda ya rubuta manhaja, kafin a sake ta ga duniya sai an kawo baƙon da bai taɓa ganinta ba. A ba shi bayanin yadda ake girka ta, wato sa ta a cikin kwamfuta, da kwamfuta uku, mai Linux da Mac da mai Windows, don kowacce da halinta, kuma "ai a tawa tana aiki" ba hujja ba ce a wurin Ndive. Marubucin zai zauna a gefe a kan hannuwansa. In ya yi magana ko ya kai hannu, gwaji ya rushe. Efeti ta fi kowa tsananta wannan doka in a kan wani ta faɗo, amma nata gwajin wata da watanni tana ɗaga shi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Ni zan zama baƙon naki," in ji Mola Mokake.

Ta tuntsire da dariya har ta kusa ƙwarewa. "Kai? Papa, masu sana'a ake kawowa."

"Ndive ya ce baƙo kawai dokar ta ce. Akwai wanda ya fi ni baƙunta a wannan harka? Ki saurara. In na girka abin nan naki a duka ukun ba ki ce uffan ba, ki rubuta wa mutanen nan kina zuwa. In na kasa, ki zauna ki ci gaba da ɗaura min takalmi, ba zan ƙara ta da maganar ba."

Ta amince nan take, don a ranta ta riga ta ci. Sai da take wanke kwanuka ta ga ramin da ta faɗa. In ya kasa, rubutunta ne bai fita ba. In ya iya, ta tafi ta bar shi. Da wata ce da ta je ta dagula bayanin a ɓoye, amma Efeti gara ta rasa Kigali da a ce aikinta na da rami. Maimakon haka ma sai ta ƙarar da makon tana ƙara goge shi, tana tsaki, tana jin haushin kanta.

Ranar Asabar da safe ruwa ya sauko daga dutsen da ke saman garin, irin wanda ba ya alƙawarin tsayawa. Mola Mokake ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya rataya tabarau a wuya, suka hau tasi. A ofis an jera kwamfutoci uku a kan dogon tebur, babu wadda kwakoko ta taɓa shiga cikinta. Ndive na tsaye yana goge Mac ɗinsa da ƙyalle, Bih kuma, wadda teburinta ke kusa da na Efeti, ta kawo tata mai Windows tare da kwanon wake da fanke.

"Mola, don Allah a hankali da tawa," in ji Ndive. "Ba ta son a matsa mata."

"Kai da ka kusa shigar da ni shagon mai gasa kifi da baya, kai ne yau za ka koya min a hankali?"

Bih ta kwashe da dariya ta miƙa masa fanke. "Ci ka ƙoshi, Pa, aiki na gabanka. Da irin ta 'yarka za ka fara, mai Linux. Su 'yan Linux ba sa sayen mota, ƙarafa suke tarawa su haɗa da hannu, ran da ta tashi su kira fasto a yi godiya."

"Ku kuma ko murfin injin ba ku san ta inda ake buɗewa ba," in ji Efeti.

"Maganarki ta ƙarshe kenan," Ndive ya ce, ya ja mata kujera kusa da bango. "Madam Kawo-nan, bismillah, ga wurinki."

Ta zauna, ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinyoyi. Mahaifinta ya waiwayo ya dube ta, ya gyaɗa kai kamar mai duba ko an ɗaura bel ɗin mota, sannan ya ɗora tabarau.

Bayanin yana kan wani allo a gefensa, kuma ya ce shi ba zai taɓa komai ba sai ya karanta da ƙarfi. Haka ya dinga rera shi da muryar da yake karatu a coci ranar Lahadi. Ya buɗe baƙar taga kamar yadda aka ce. Ndive ya nuna masa cewa ana iya kwafo umarnin gaba ɗaya a manna, ya ce a'a, shi bai taɓa sa hannu a abin da bai rubuta ba. Da yatsa biyu ya shiga farautar haruffa, kowanne sai ya kewaya ya nemo shi. Efeti na ganin harafin tun daga inda take zaune, yatsansa na shawagi a kansa yana wucewa.

Kwamfutar ta nemi kalmar sirri. Bih ta faɗa masa, ya danna, bai ga komai a allo ba. Ya sake dannawa. Ya ɗaga madannan ya leƙa ƙarƙashinsu.

"Wannan ta mutu ne, ko fushi take yi?"

Ya koma kan bayanin yana bi da yatsa, ya tarar da layin da Efeti ta ƙara a tsakiyar mako. "Kalmar sirri ba za ta fito a allo ba, ka rubuta kawai ka danna shigarwa. To, madalla. Ashe kunya gare ta." Ya goge ya sake. Rubutu ya shiga zubowa kamar ruwan indararo, ya ja kujera baya yana kallo. Da ya lafa, ya rubuta kwakoko. Wani ɗan ganye da Efeti ta zana da alamomin rubutu ya bayyana, da gaisuwa a ƙarƙashinsa.

Mola Mokake ya matso ya dubi ganyen. "Ke kika zana wannan?" Ya tuna ba za ta amsa ba, ya juya ga Bih. "Irin naɗin uwarta ne, mai lanƙwasa a baki."

Efeti ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa zaton wani zai lura ba.

Da aka koma kan Mac ɗin, Ndive ya tsaya bayan tsohon yana haki kamar wanda aka ari matarsa zuwa rawa. Tsohon ya tsallake harafi ɗaya a dogon umarnin, kwamfutar ta ƙi. Efeti ta ga kuskuren tun kafin ya danna, ta cije leɓe har ta ji gishiri. Ya karanta nasa, ya karanta nata, ya sake karanta nasa, yana motsa baki. Can ya ce, "Au, kai ne ka gudu," ya mai da harafin wurinsa. Sai kuma wani gargaɗi ya faɗo, kwamfutar ta ce ba ta san wanda ya rubuta wannan manhaja ba, ba za ta buɗe ta haka nan ba.

"Ba ta san ta ba?" Ya zare tabarau ya dubi Ndive. "To ni na san ta. Ni na biya kuɗin makarantarta. Ina ake sa hannun shaida?"

Bayanin ya faɗi inda za a shiga a ba da izini, har da hoto. Ya bi a hankali, ya ba da shaidarsa, ya rubuta kwakoko. Ganye na biyu ya fito. Bih ta yi guɗa, Ndive ya janye kwamfutarsa ya rungume.

A nan ne tsoro ya fara shigar Efeti da gaske. Hannuwanta sun yi sanyi sun mutu a ƙarƙashinta, amma ba su take ji ba. Kallon bayan wuyansa take yi, inda furfura ta sauka kan kwalar kwat, tana lissafin abin da ba ta so ta lissafa, wa zai tuna masa da magani, wa zai ji in ya yi tari da asuba. Saura ɗaya, ta Bih, kuma ita ce mafi sauƙi, don har da ɗan akwatin da ake dannawa yana cewa ci gaba, ci gaba. Ita da kanta ta gwada ta a kwamfutoci daban-daban ba ta taɓa ba ta matsala ba.

Ya buɗe baƙar taga, don haka layin farko ya ce a kowace kwamfuta. Ya sauko da manhajar, ya danna ci gaba har aka ce masa an gama. Ya koma tagar da ya bari a buɗe ya rubuta kwakoko.

Jan rubutu ya cika allon. Kwamfutar ta ce ba ta san wani umarni mai wannan suna ba.

Ya duba haruffansa, daidai suke. Ya sake rubutawa, jan rubutun ya sake fitowa. Ya karanta bayanin daga sama har ƙasa, da ƙarfi, sannan a hankali. Babu komai a ciki game da wannan.

Efeti ta gane a take. Tagar da aka buɗe kafin girkawa ba ta san an yi sabon baƙo a gidan ba, sai an rufe ta an buɗe sabuwa. Abin da ta sani ne tun tana ɗaliba. Duk lokacin da ta gwada, hannunta ne ke rufewa ya buɗe ba tare da ya yi shawara da kanta ba, shi ya sa bai taɓa zuwa mata a rai cewa mataki ne da za a rubuta ba. Laifin nata ne, ba nasa ba. Bih ma ta gane, ta buɗe baki, Ndive ya ɗaga mata yatsa.

Kalma biyu ce, rufe, buɗe. Suna nan a kan harshenta. In ta faɗa gwaji ya rushe, ta zauna a gida. In ta yi shiru ya kasa, nan ma ta zauna a gida. Ta ko'ina ta ci, abin da ta kwana tana roƙo ya samu, amma ba ta ji daɗin komai ba. Abin da ta gani shi ne mahaifinta cikin kwat ɗin coci, a gaban yaran da ya girme wa iyayensu, zai tashi ya ce na kasa saboda ramin da ita ta bari. Zai koma gida ya miƙa mata ƙafa ta ɗaura masa takalmi, kuma ya yi alƙawarin ba zai ƙara magana ba. Ta ƙara danne hannuwanta, hawaye na taruwa, ta sami kanta tana roƙon Allah ya sa ya gane.

Mola Mokake ya daina karatu. Ya zare tabarau ya goge da gefen kwat, ya mayar. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur ya zuba wa allon ido. Ruwa na dukan kwano a sama, fanke ya huce a kwano, ba mai motsi. Shirun ya yi tsawo har Ndive ya fara gyaran murya, yana neman yadda zai sallami tsohon malaminsa ba tare da ya ji kunya ba.

"Mola, in ka gaji ai ba laifi, da ma wannan..."

"Na ce maka na gaji?"

Ya ja wani dogon tsaki. Bih ta waiwaya ta dubi Efeti da sauri, don tsakin nata ne sak, har da ɗan karkata kai. Ya kama linzamin kwamfutar ya kai kibiya kusurwar tagar ya rufe ta. Ya bi hanyar da ya bi da farko ya buɗe sabuwa. Da yatsa biyu ya nemo haruffan ɗaya bayan ɗaya, ya danna.

Ganye na uku ya fito.

Bih ta daka tsalle ta rungume shi ta baya, Ndive na buga tebur yana ihu kamar an ci ƙwallo. Efeti ta zaro hannuwanta, sun ƙi lanƙwasuwa, ta bar su a cinya tana kuka tana dariya.

"Pa, tsakaninka da Allah, wa ya gaya maka?" in ji Bih. "Ba ya cikin bayanin!"

"Wa zai gaya min? Shekara nawa yarinyar nan tana zama a teburin cin abinci da baƙin allon nan, ni ina kujerata ina riƙe da jarida? Kun ɗauka jaridar nake karantawa? In abu ya ƙi mata, sai ta yi tsaki, ta rufe, ta buɗe. Ban san me yake gyarawa ba. Na dai ga kullum bayan ta yi haka takan yi murmushi." Ya juya ga Efeti. "Iya, ki rubuta musu da tsakin, wataƙila shi ne maganin."

"Yanzu za ki ƙara layin nan," in ji Ndive. "Sannan ki rubuta ɗaya saƙon. Ina tsaye a kanki."

Ta ƙara layin. Ta buɗe saƙon Kigali, ta rubuta musu tana zuwa. Mahaifinta na gefe yana cin sauran wake, bai ko dubi wajenta ba.

Da suka sauko ruwan bai tsaya ba, suka fake a barandar ƙasa suna jiran tasi. Motoci na hawa da ƙyar, ruwa na gangarowa ta gefen titi. Efeti ta daɗe tana satar kallonsa.

"Papa, ka kusa kashe ni. Na ɗauka ba za ka tuna ba. Ka daɗe fa."

"Tun jan rubutu na biyu na tuna."

Ta juyo gaba ɗaya. "To me ka zauna kana yi?"

Bai dube ta ba, titi yake kallo, kamar yadda ya saba kallon gaba in ɗalibi na fama a tsakiyar hawa. "Tunani nake. Na ga in na zauna haka na ce na kasa, ba wanda zai zarge ni. Tsoho ne, ido ba ƙarfi, kuma ga shi ba a rubuta ba. Mu koma gida, ki dafa mana kwakoko, gobe in ji motsinki a kicin. Na so in yi haka, Iya. Na so ƙwarai. Sai na tuna ban taɓa riƙe ɗalibin da ya iya tuƙi don kawai ina jin daɗin zama da shi a mota ba."

Duk tsawon watannin nan tana ganin ita ce ke tsoron tafiya, ba ta taɓa tambayar kanta me shi yake ji ba.

Wata tasi ta tsaya a ɗaya hannun tana hon. Mola Mokake ya ɗaga tsohuwar lemarsa, wadda ƙarfenta ke cijewa tun mahaifiyarta na da rai, ya shiga turawa. Ta ƙi. Ya gyara riƙo ya sake turawa. Hannun Efeti ya tashi da kansa, ta kama shi a hanya, ta mai da duka biyun bayanta ta harɗe, ta ɗinke baki.

Ya ga abin da ta yi. Ya dubi hannuwan da ta ɓoye, ya dubi fuskarta, idanunsa suka kaɗa. Sai ya miƙo mata lemar.

"Wannan kam buɗe min, tun kina nan."